Yadda Baffa Ya Tsamo Mutane daga Kogin Neja

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya yi yaƙin basasa tun daga farkonsa har ƙarshe, amma ba daga bakinsa na ji labarin ba. Da ya bar soja gona ya koma a Inkil, kusa da Bauchi, yana noman masara da gyaɗa, yana kiwon 'yan shanunsa. In aka tambaye shi batun yaƙi sai ya ce an yi, an gama, Allah kada ya maimaita.

Akwai wani dattijo Kirista daga wajen Dass da ke zuwa gidanmu duk kaka. Baban Dass muke ce masa. Gajere ne mai yawan dariya, da tabon ƙuna tun daga wuyan hannunsa na dama har kafaɗa. Hausarsa irin ta mutanen can ce, mace ma "shi" yake ce mata. Baffa kuwa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Kofur.

Wata shekara, bayan na yi aure ina zaune a Gwallameji, na je gida na tarar da su a zaure. Na kai musu fura, na durƙusa na gaishe su, sai na yi ƙarfin hali na tambayi Baban Dass abin da ya sami hannunsa. Ya dubi Baffa, ya ce ashe bai gaya wa 'ya'yansa ba? Baffa ya ci gaba da shan furarsa.

Baban Dass ya ce rundunarsu ce aka kai bakin Kogin Neja, garin Anacha na tsallake, an kuma karya gada. Umarni ya zo a ƙetare da jiragen ruwa. Sun kai tsakiya aka buɗe musu wuta daga gaɓa, harsashin igwa ya faɗa jirginsu, inda aka loda man fetur da albarusai. Wuta ta tashi. Yawancinsu 'yan tudu ne, ba su iya iyo ba, ga takalma masu nauyi, ga harsasai a ƙugu. Mutum na faɗawa ruwa sai ya tafi ƙasa. Shi kansa wuta ta ci hannunsa, ya faɗa yana shan ruwa, ya riga ya sallama.

Baffa kuwa a ruga ya tashi. Tun yana yaro yake ƙetare kogi da shanu a tsakiyar damina, riƙe da wutsiyar saniya. Ya jefar da bindiga, ya tuɓe takalma, ya cafko Baban Dass ta wuyan riga ya ja shi zuwa wani tsibirin yashi.

"Ya ajiye ni, ya koma," in ji Baban Dass. "Ya kawo wani, ya koma. Ina kwance ina kallonsa, harsashi na sauka a ruwa kamar ƙanƙara."

Na tambaya mutum nawa ya tsamo. Baffa ya ce bai ƙidaya ba, kuma waɗanda suka kuɓuce masa sun fi yawa. Ya ƙara da cewa abin da ya dame shi ranar shi ne yadda zai yi bayanin bindigar da ya jefar, amma da hafsansu ya gan shi tsamo-tsamo babu takalmi, sai kawai ya sa aka ba shi wata. Daga baya rundunar ta zagaya ta arewa, ta ƙetare kogin a wani wuri, ta shiga garin ta tudu. Da Baffa aka yi wannan tafiyar, Baban Dass yana asibiti.

Na fita daga zauren ina jin kaina ya yi girma. Mutumin da na saba gani da fartanya a kafaɗa, yana faɗa in an bar ƙofar garke a buɗe, ashe shi ne wannan.

Bayan 'yan shekaru muka ji Baban Dass ya kwanta ciwo. Baffa, wanda ƙafa ta fara gagararsa, ya sa maigidana ya kai shi a mota, na bi su. Muna tsayawa a ƙofar gidan mutane suka yi ta fitowa, 'ya'ya da jikoki da surukai, har da jarirai a goye. Babbar 'yarsa ta durƙusa gaban Baffa ta riƙe hannunsa.

"Baba, duk waɗannan da kake gani, daga ruwan nan ka fito da mu," ta ce.

Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce aikin Allah ne. Suka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, suka kawo ruwan alwala ya yi azahar. Sannan aka tallafo majinyacin aka zaunar da shi kusa da shi. Ba a jima ba suka fara musu kan ko ta gaba aka harbi jirgin ko ta baya, kowa ya kafe a kan tasa. Sai bayan la'asar muka kama hanyar Bauchi, da ɗan akuyan da suka ba mu ɗaure a bayan mota.