Rigar da Sitati Ya Ara wa Mai Shago

Labarin da ke yawo yanzu shi ne wai Sitati mai wanki ya tuɓe Kansila da duk 'yan kwamitinsa zigidir a filin makaranta, ya bi su da dutsen guga ja-wur yana cewa su tsaya ya miƙar musu da tumbi. A bakin rijiya har an kai ga cewa ya kama ɗaya ya goge shi gaba da baya, ya ninke shi ya ajiye a kan tebur. Haba jama'a, a ji tsoron Allah! Sitati ɗan gwaggona ne, tare muka ci ƙasa, kuma a gaban idona aka yi. Ba Kansila ya tuɓe ba, surukin Kansila ne. Ba kuma zigidir ba, riga ce kawai. Batun dutsen guga kuwa, yana gida a sanyaye, don ranar ko ƙwayar gawayi babu a gidan. Amma abin da ya faru ɗin ma ya isa ya sa mutum ya riƙe baki.

Sitati tun yana yaro yake da ciwon tsabta. Muna wasan ƙasa shi yana tsaye yana kaɗe wando. Ubansa ya rasu ya bar musu gona wadda in akuya ta kwanta a cikinta, jelarta a gonar maƙwabci take. Da ya tasa sai ya tafi birni aikatau a gidan wani mai hali, ya dawo ba kuɗi ba mata, sai dutsen guga da baho da wani irin taƙama. Ya kafa igiyar shanya a bayan gidansu, ya zama mai wankin manyan gari. Idan ya sa wa riga sitati ya goge, ajiye ta za ka yi ta tsaya da kanta kamar mai jiran mota. Karin wandonsa sai ya yanka albasa. Ƙuda ya taɓa sauka a wuyan rigarsa ya zame ya karye a ƙafa, wannan ni shaida ne.

Shi kansa kuwa rigunansa biyu ne rak a duniya. Akwai ta aiki, mai ruwan toka, wadda Gwaggo ta yi wa faci a kafaɗa da idonta da ya fara dishi-dishi, har allura ta sha jininta. Akwai kuma fara, wadda ya yi aure da ita, ba ta fitowa sai da dalili. Amma ko ta aikin ya sa, wanda bai san shi ba sai ya rantse albashi yake ɗauka.

Sai shekarar nan ta zo da abin da ta zo da shi. Ruwa ya ɗauke hatsi na tsakiyar fitar da kai. Sabulu ya yi tsada, gawayi ya fi shi. Manyan da ke aiko da wanki kullum suka koma sa riga har sai ta fara gaishe da mutane kafin mai ita ya iso. Gidan Sitati aka cinye na rumbu, aka cinye iri, aka sayar da akuyar nan mai jela. Matarsa ta koma hura wuta da karare ta ɗora tukunyar ruwa zalla, don dai maƙwabta su ga hayaƙi na tashi. Gwaggo kuma ta ƙirƙiro ciwon ciki, duk ɗan abin da aka samu ta ce ba ya karɓarta, a ba yara. Sitati ya gane, don ya ga zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura.

Ana nan sai aka ce wata ƙungiyar agaji daga birni za ta kawo masara, buhu guda ga kowane gida mai bukata. A baya in aka kawo irin wannan, hannun Kansila ake damƙawa, shi kuma ya san waɗanda suka yi masa kamfe da waɗanda suka yi wa ɗaya ɓangaren tafi. Wannan karon masu agajin suka ce su da kansu za su zo su duba da ido, wanda suka ga alamar wahala a jikinsa shi za su ba. Kansila ya tara mutanensa a zaurensa ya ce, “To kun ji. Kowa ya san yadda zai fito.”

Nan fa tsumma ya yi daraja a garinmu. Masu gidajen siminti suka bazama lungu-lungu suna gaishe da mutanen da ba su taɓa amsa wa sallama ba. Sitati bai san wainar da ake toyawa ba, don shi ba ya zaman majalisa, yana bayan gida da bahonsa. Sai ga Mai Shago, surukin Kansila, babban mai kawo masa wanki, ya zo da ƙafarsa har bakin igiyar shanya.

“Sitati na kaina! Ya iyali?”

Sitati ya durƙusa. “Ranka ya daɗe, da ka aiko ai da na zo.”

“A'a, ɗan abu ne. Sito nake so in shiga in kakkaɓe, ka san ƙura. Ka ara mini tsohuwar rigar nan taka.”

Wani mai hankali da nan take ya cire ya miƙa. Amma Sitati ne. Ya ce ina, ai ba ya yiwuwa ya ba babban mutum riga da gumi. Ya wanke ta da guntun sabulun da ya rage masa, ya sa bula, ya ƙarar da ɗan gawayinsa a kanta, ya ninke, ya kai har shago a kan tafin hannu biyu. Mai Shago ya kalli rigar, ya kalli Sitati, ya ce, “Hmm. Sannu da ƙoƙari.”

Ranar rabo da safe Gwaggo ta ce, “Ɗan nan, ka je haka da singileti, ai ba ƙarya ka yi ba.”

“Inna, in fita gaban baƙi da singileti? Talauci ne ya same ni, ba lalacewa ba.”

Ya kwashi garwashin wutar ƙaryar matarsa ya zuba a dutse, ya goge farar rigar har tana ɗaukar ido, ya fita yana taku kamar wanda aka aiko wa mota.

Da ya isa filin makaranta sai ya ja ya tsaya. Layi ya miƙe tun daga babbar motar masara har bakin rijiya, kuma gaban layin duk wasu irin matsiyata ne da bai taɓa gani ba, matsiyata masu kumatu. Ga mai injin niƙa da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ga matar dillalin shanu da zane kamar an ƙwato daga bakin kare, ta manta ba ta cire zobe ba. Talakawan gaske kuwa an tura su can baya, wasu ma ba su fito ba, don abin da za su sa yana jikin wani. A ƙarƙashin rumfa an jera kujerun manyan gari, babu kowa a kai. Wa zai zauna? Duk manyan suna layi.

Shugabar masu agajin, wata mata mai tabarau, tana ta tambayar Kansila, “Wai garin nan ba ku da dattawa ne? Wa zai miƙa buhun farko a ɗauki hoto?” Kansila na ta share gumi. Sai idonta ya faɗa kan Sitati yana walƙiya a bayan layi.

“Yauwa! Wancan bawan Allah fa? Me yake yi a layi?”

Kansila ya yi tsalle ya cafko hannun Sitati. “Ranki ya daɗe, ai babban attajirinmu ke nan! Sauƙin kai ne da shi, ya zo duba talakawansa.” Ya matso kunnensa ya raɗa, “Ka rufa mini asiri, zan gan ka daga baya.”

Sitati ya san wannan “daga baya” ɗin. Tun zaɓen da ya wuce rijiyar unguwarsu take jiran ta. Ya buɗe baki zai yi magana, aka danna shi a kujera mai laushi, aka ajiye masa ruwan roba mai sanyi a gaba, aka ce da lasifika a tafa wa mai girma. Aka tafa. Cikinsa ya yi wani ƙugi da sai da mai tabarau ta waiga ta duba ko injin mota ne. Yana zaune yana kallon buhunan, yana kallon tsawon layin, ya gane ko rabinsa masarar ba za ta kai ba. Shi kuma yanzu attajiri ne, ko ta kai ba shi a ciki. Ya tuna zanen Gwaggo.

Aka ce mai girma ya taso ya miƙa na farko. Ya tashi. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Na farkon layi ya matso yana ɗingishi, kai a sunkuye, ya shafa toka a fuska, yana wani nishi kamar ya kwana bakwai bai ga abinci ba. Sitati bai kalli fuskar ba. Rigar ya kalla.

Tasa ce. An tumurmusa ta a ƙasa, an goga mata baƙin mai a ƙirji. Wannan duk da sauƙi. A kafaɗa, facin nan na Gwaggo, an sa hannu an ɓarke shi da gangan, zaren na reto, naman kafaɗar Mai Shago na leƙowa yana sheƙi.

Wallahi na ga fuskar Sitati a lokacin, ban taɓa ganin ta haka ba. Yunwa ta ci shi bai yi magana ba. An mai da shi attajirin dole bai yi magana ba. Amma ya tsaya yana kallon facin nan kamar an nuna masa gawa.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, kuma lasifika na kusa da bakinsa, “sito ka ce mini.”

Mai Shago ya raɗa, “Miƙo buhun, ma yi magana.”

“Wanke ta na yi. Na goge ta. Tsohuwa ce ta yi ɗinkin nan, ba ta gani sosai.”

“Sitati, kai fa—”

“Ba ni rigata.”

Kansila ya yi dariyar yaƙe ya ce wa mai tabarau, “Wasa suke yi, abokan wasa ne.” Sitati ya kama gindin rigar ya yi sama da ita. Mai Shago, da ya saba a cire masa riga a gida, sai ya ɗaga hannu da kansa kafin ya tuna inda yake. Sai ga tumbi ya bayyana cikin farar singileti sabuwa fil, ga agogo an tura shi can saman damtse, ga makullan shago a rataye a wuya suna kaɗawa. Mai hoto kuwa bai fasa aikinsa ba.

Mai tabarau ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. “Kansila, wannan wane ne?”

Kafin ya haɗa ƙarya, wata tsohuwa daga bayan layi ta ƙwala ihu, “Ni ma a ba ni zanena!” Shi ke nan, fili ya rikice. Wannan na jan wando, waccan na jan ɗankwali, mai injin niƙa ya ruga gida riƙe da ƙugu. Daga nan ne labarin zigidir ya samo asali. Masu agaji suka tsorata, suka rufe mota da sauran masarar suka ce sai sun yi bincike. Har yau suna binciken.

Buhun farko dai yana ƙasa inda aka sauke shi. Yaran Kansila suka zo ɗauka, suka tarar da Gwaggo zaune a kai, ta lallaɓo da sandarta tun da ta ji an ce ɗanta ya zama attajiri.

“Iya, tashi mana.”

“Ciwon ciki gare ni, ɗana. In na tashi faɗuwa zan yi, kuma a hannunka zan mutu.”

Ba wanda ya taɓa ta. Da ita da buhun aka ɗora a amalanke aka kai gida. Ranar hayaƙin gidan na gaskiya ne, kuma ciwon cikin Gwaggo ya warke har ta nemi ƙari.

Sai dai tun daga ranar babu babban da ya sake aiko wa Sitati ko hankici. Kansila ya ce ɗan adawa ne, waɗanda motar ta tafi da rabonsu suka ce da ya yi shiru da wataƙila sun samu. Buhun kuma kullum ƙara sunkuyawa yake a lungun ɗaki. Igiyar shanya babu komai sai rigar nan mai ruwan toka, Gwaggo ta sake mata faci.

Jiya na leƙa na same shi yana goge ta. Na zube a ƙasa na ɗaga hannu sama.

“Ranka ya daɗe babban attajiri! Mai kujera mai laushi, mai ruwan roba! A taimaka wa talaka da aron riga, an ce masu masara za su dawo.”

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya hura garwashi, ya danna dutse a kan kafaɗar rigar.

“Kai ai ba ka bukatar aro. Ƙofarku Mai Shago ya fara zuwa. Da ya ga rigarka a igiya sai ya juya, ya ce shi talaka yake so ya zama, ba mahaukaci ba.”