Ƙaya a hanyar tafkin Baffa

Ɗan Baffana ya kore ni daga tafkin kan dutse a gaban yarana uku. Da ƙafa muka tako daga Kaoje, ƙaramarsu a wuyana, muka tarar ya tare hanya da ƙaya saboda lambunsa.

Ubansa ne ya fara hawa da mu wurin, ni da shi, shekarar 'yancin kai. Dutse na ƙona mana tafin ƙafa. Daga sama ya nuna mana ƙasar Dahome. Muka ruga za mu kafa baki a ruwa, ya daka mana tsawa. Ya shimfiɗa bakin rawaninsa kan ƙwarya, ya tace mana saboda kurkunu. Ruwan da sanyi har haƙori, yana ƙamshin turarensa. Sai da muka ƙoshi sannan ya sha.

Yau ɗansa ya ce yarana za su tattake mishi albasa, ƙaramar tana kukan ƙishirwa.

Na dube shi na ce, "Allah ya jiƙan Baffa, ya shayar da shi. Kai ko, Yaya, ko kabarinsa ka samu, albasa za ka dasa a kai."