Sunan da Mairama ba ta faɗa ba

Mairama ɗiyar masunta ce ta bakin kogin Kwara, wajen Lolo. Ta tashi cikin hayaƙin bandar kifi, kuma ko a cikin matan garinsu an santa da kunya. Kunyarta har takan ba mutum haushi. Tana da shekara goma sha tara ta auri Audi mai hoto, suka tsallaka Benin, inda yake bin bukukuwa da kyamararsa. Can ta haifi ɗiyarta ta fari. An raɗa suna ran bakwai, ran tara yarinyar ta koma. Babu dangi ko ɗaya a kusa. Da suka dawo gida ba wanda ya tambayi sunan, ita kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko yana raye, balle ya mutu.

Audi mutumin kirki ne, amma wayonsa ya yi masa yawa. Tun da aka taɓa sace masa kwamfuta a kan iyaka, hotunan matan mutane suka bazu a wayoyi, ya koyi kulle komai. Ya sa wa sabuwar kwamfutarsa wani makulli mai hautsina abin da ke ciki, ba ya buɗewa sai da kalmar sirri, in an yi kuskure sau goma kuma ya goge komai. A ciki ya ajiye bidiyon ranar da ya ba Mairama fadamarsa ta shinkafa kyauta, a gaban tsofaffi biyu da suka riga shi mutuwa.

Ya taɓa ce mata yana dariya, "Sunan ɗiyarmu ta hwari na sa. Ke kaɗai kin san shi, ke kuwa ba ki hwaɗi. Ina ɓarawo zai samo shi?"

Bara jirgin ruwa ya kife da shi a hanyar kasuwar Dole Kaina. Ba a yi arba'in ba wansa Attahiru ya ce fadama ta gado ce. Mairama ta aika masa cewa shaida na cikin kwamfuta. Mugun ya ɗauke kwamfutar, ya zauna yana danna duk abin da ya zo masa a kai har sau bakwai, da gangan.

Sannan ya tara maza a tsakar gida, har da surukinta tsoho, ya kira Mudassiru mai gyaran kwamfuta daga Bagudo. Mairama tana takaba, tana zaune bayan labule.

"Inna, saura uku," in ji Mudassiru. "Mine ne kalmar?"

"Sunan yarinyar nan ne. Wadda ba ta zauna ba."

"To hwaɗi mu ji," in ji Attahiru. Ya san halinta sarai.

"Yaya, a turo mani mace in raɗa mata."

"A'a. Shaida ba ta bin kunne. Ki hwaɗa da bakinki, gaban Baba, kowa shi ji."

Ba ta iya rubutu ba, balle ta rubuta. Ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Shekara ashirin da biyu tana haɗiye shi, ga tarin surukinta tana ji daga bayan labule.

"Tun da ta manta, mu taimaka mata," in ji Attahiru. "Sa Barira."

Mudassiru ya yi jinkiri, aka daka masa tsawa, ya danna. Kwamfutar ba ta buɗe ba.

"Sa Husna." Ya danna, nan ma ba ta buɗe ba.

"Alhaji, a bari ta huce," in ji Mudassiru. " Saura ɗaya hwa."

Attahiru ya jawo kwamfutar gabansa, ya danna da kansa. Allon ya yi ɗan tunani, ya share komai: bidiyon, da muryar Audi, da hotunan rabin mutanen Lolo. Aka shafa fatiha aka watse. Wallahi a cikin mazan nan babu wanda bai gane abin da aka yi ba, kuma babu wanda ya tsaya mata.

Da ta fita takaba ta koma bandar kifi. Hanyar bakin ruwa ta gefen fadamar take bi, inda yanzu Attahiru ke noma. Ranar farko ta tsaya a kan kunyar shinkafa, ta duba gabas da yamma, babu kowa.

"Safina," ta ce.

Sunan ya fito ba wuya ko kaɗan. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.