Tukunyar da Na Kai wa Inna Fanna

Kano zuwa Nguru

Ana sallame asuba na isa tasha, rungume da tukunyata cikin bargo. Da yumɓun bakin kogin Gashua na gina ta. Ƙasanta baƙi kamar laka, samanta ja-ja irin tuddan yashin Yusufari. An so a kai ta baje koli Legas, na ce sai Inna Fanna ta gani tukuna.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta koya mini ginin tukwane. Idonta ya tafi, ga ciwo ya kwantar da ita. Da na ce mata a waya mutane na ta yabon aikin, sai ta ce, "Yabon ido ne. Kawo in ƙwanƙwasa in ji."

Direba ya so ya ɗaure tukunyar a but ɗin mota tare da buhunan albasa. Na ƙi. Kujera biyu na kama, duk da haka a cinya na riƙe ta. A shingen bayan Haɗeja wani soja ya sa na buɗe, ya leƙa ciki, ya tambaya ko ana dafa wake da ita. Ban ji daɗi ba, amma na yi dariya don mu wuce.

Nguru zuwa Gashua

Bayan azahar muka shiga Nguru. Na sayi soyayyen kifi, na kasa ci. Motar Gashua ta daɗe ba ta cika ba, ga wayar Bukar ɗan Inna ba ta shiga. Duk ramin da muka faɗa, sai in ƙanƙame bargon. Wajen Jajimaji kiransa ya shigo. Daga sallamarsa na gane.

Gashua

Na tarar an gama yi wa Inna sutura. Ina zaune cikin mata, sai na ji Bukar a zaure yana cewa tukwanen rufe kabari ba su isa ba, an aika kasuwa ba a samu ba. Matar da tukwanenta suka rufe rabin mamatan unguwar nan! Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na fita zaure, na kwance bargon na miƙa masa tukunyar.

"Yaya, ai rabawa za a yi biyu," in ji shi.

"Na sani. Tata ce."

Ban leƙa ba. Daga inda nake na ji an ɗora wa tukunyar ƙarfe, ta ba da sauti tas, babu alamar tsaga. Abin da Inna ta so ta ji ke nan. A nan kuka ya ƙwace mini.

Komawa

Bayan addu'ar uku na biyo ta Nguru na dawo. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya, na gode wa mutanen Gashua da suka yi mata rakiya. Allah ya jiƙan Inna. Har muka shigo Kano, duk ramin da mota ta faɗa, sai na ji hannuna ya kai kan cinyata.