Linzamin Maƙarfi a Bakin Lami

Malam Nasidi mutumin Maƙarfi ne. A gonar rake ya girma, inda dokin ubansa ke yini yana juya injin mazarƙwaila. Shekara goma sha tara ke nan yana Doha, a wata barga bayan Al Gharrafa. Da kwasar kashi ya fara. Yana kallon masu horar da dawaki, bakinsa gum, har ya gane wasan nan da suke kira diresaj, wanda ake so doki ya ji ƙafar mahayi tun mai kallo bai ga an motsa ba. Abin gida ɗaya ya zo da shi, linzamin ubansa, mai zobe da harshen ƙarfe, ya rataye a ƙusa don tunawa kawai.

Sai aka kawo wata goɗiya ranar Alhamis, ya sa mata Lami. Kyakkyawa ce, amma da nauyin jiki, tana jan ƙafafun baya kamar an aike ta inda ba ta so. Kafil ɗinsu, wato mai bargar, ya ce in sanyi ya wuce ba ta farka ba, zai sayar wa masu ba baƙi hayar doki a bakin teku. Nasidi ya san abin da wannan ke nufi: kowa ya hau, kowa ya fizga.

Wata biyar yana bin ta. Ya taɓa ta da ƙwauri, in ta tako ya sassauta hannu nan take. Tafiya, tsayawa, sassarfa, a koma tafiya. Har ta fara shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin ciki, ta sauke wuya tana neman hannunsa da kanta.

Ran nan ya tafi asibiti ganin gwiwarsa. Da safe ya dawo ya miƙa mata hannu, ta ɗaga kai sama tana ja da baya. Da ƙyar ya buɗe bakin. Harshe a yanke, dasashi a kumbure. Ya waiga, ƙusa ba komai.

Sunusi, Bakanon da ke tuƙa motar dawaki, shi ya zo da kansa yana murmushi, waya a hannu. Wai ya ga Malam na ta wahala, ya ce bari ya taimaka. Su ma gidansu da doki aka haife su. Ya nuna hoto: Lami ta ɗaga wuya tana rawa, kumfa na zuba.

"Ka gani, Bazazzagi? Abin da ya gagare ka wata biyar, kafin shayi ya huce na gama."

Nasidi ya daɗe yana kallon wayar.

"Wannan ba farkawa ba ce, Sunusi. Gudun ciwo take yi. Wata biyar ina roƙonta ta yarda da hannuna, ka zo ka gaya mata ƙarya nake. Wa ya aike ka?"

Sunusi ya ce ai doki doki ne, a gida haka ake yi. Nasidi ya ce a gida ma dokin ubansa da tabo a baki ya mutu, kuma shi ne yaron da ke riƙe ragamar. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: ya san aikin ƙarfen nan, ya kuma rataye shi inda hannu zai kai.

Da kafil ya tambayi wa ya yi, ya ce linzamin nasa ne, bai ƙara ba. Ya roƙi wata uku. Kafil ya ce wata ɗaya, khalas, magana ta ƙare.

Ya koma da ita kan ragama, ba ƙarfe. Bakin ya warke a mako biyu, amma da ta ji yatsa ya motsa sai kai ya tashi. Ranar da kafil ya zo dubawa, taku huɗu ta yi masu kyau, na biyar ta fizge.

Kafil ya sayar da ita. Nasidi da kansa ya shigar da ita mota. Sunusi na tsaye da makulli, ya kasa ɗaga ido.

"Ka gaya musu kada su sa mata ƙarfe," in ji Nasidi. "Ko da yake ba za su ji ba. Kai ma da muke cin tuwo tare ba ka tambaye ni ba."

Har yau in Sunusi ya yi sallama yana amsawa, don wajibi ne. Daga nan ba ya ƙara komai.