Abincin Rana a Watan Azumi

A zamanin da na tashi, jiki kawai muka san yana ciwo. Ka je gaida mara lafiya, ka ce "Yaya jiki?", ya ce "Da sauƙi," shi ke nan an gama. Haka na tarar a Damagaram, haka a Kano, haka a Omdurman ta Sudan inda na yi shekaru ina ɗinki. Harshe ne kawai ya bambanta. Yanzu kuwa a nan Injamena akwai asibitin da aka ware ɗaki don a tambayi yaro abin da ke cikin ransa. Ban san da ɗakin ba sai ta dalilin jikata.

Da huji a zuciya aka haife ta. An yi mata aiki a ƙasar waje tana ƙarama, ta dawo da tabo a ƙirji da maganin da ba a tsallake masa lokaci, safe da rana. Likita ya hana ta azumi. Tana yarinya abin bai dame ta ba. Amma da ta zama budurwa, ta shiga lise, wato babbar sakandare, sai ta yi shiru. Da ita ce mai tsokanata, ta ce gemuna ya fi tsintsiya tsufa, ni kuma in ce amaryata ba ta iya shayi ba. Duk wannan ya ɗauke. Kowa ya tambaye ta, sai ta ce "Da sauƙi," mu kuma muka yaba hankalinta.

A azumin shekarar, wata rana bayan la'asar, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Ashe azumi take yi a ɓoye. Abincin ta ba kaji, ƙwayoyin ta zuba a ƙasan katifa. Ubanta ya yi faɗa, uwarta ta yi kuka. Likitan zuciyar bai yi ko ɗaya ba. Ya gaya mana a fili cewa in ta ci gaba da haka za a iya rasa ta, sannan ya tura mu wurin wata ma'aikaciya wadda ba ta allura, aikinta sauraro.

Ni na riƙa kai ta, daga unguwarmu ta Gassi, cikin ƙaramar bas mai tsaye-tsaye. Matar ta gaishe ni da Larabcin Cadi, cikin ladabi ta nuna mini benci a waje. Na ji haushi. Me jikata za ta faɗa wa baƙuwa da ba za ta faɗa a gabana ba?

Sai bayan wasu zuwa, a hanyar dawowa, ta yi magana tana kallon taga.

"Kaka, kai ma ba ka azumi, ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ciwon sugan naka. Ina jin ƙarar cokalinka, ka rufe ƙofa kamar ɓarawo."

Wata mata da ke gefenmu ta rufe baki da mayafi.

"To amarya, tona mini asiri za ki yi a mota?"

Ba ta yi dariya ba. "Ni kaɗai nake ci a gidan nan, kowa na kallona yana cewa sannu. Ƙannena ma suna kai azumi. Na gaji da sannu, Kaka. Kuma ina tsoron in kwanta in ƙi tashi, ba wanda na iya gaya wa."

 Washegari da azahar na fito da kwanona, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, na kira ta. Surukata, uwar yarinyar, ta leƙo ta koma. Muka ci, na haɗiye maganina, ta haɗiye nata, ta ce ina tauna kamar raƙumi.

Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba, har yanzu tana zuwa wurin matar. Amma tun daga azumin nan ba ta sake ɓoye magani ba, kuma a gidanmu in yaro ya ce "Da sauƙi," sai mun zauna mun sake tambayarsa.