Baba Mai Sarƙa Ya Ari Kunnena

Kullum da hantsi Baba Mai Sarƙa yakan buɗe shagonsa na gyaran keken tsere, ya share ƙofa, ya jera sifanoninsa a kan tsumma, ya zauna. Sau da yawa har la'asar ba mai leƙowa. Masu tsere sun koma kekuna masu giyar batir, wadda ake danna maɓalli ta canza da kanta. Shi kuwa giyar waya ya sani, mai kyau ta asali, wadda yatsa ke ja.

Da kunne yake aiki. Zai rataye keke, ya juya feda, ya karkata kai, ya ce, "Ka ji ta? Ƙorafi take yi." Sai ya murɗa noti kaɗan, sarƙa ta daina kuka. Har yau kocinmu na tsere yana ba da labarin ranar da wayar giyarsa ta tsinke a bayan gari, ya ɗaure ta yadda Baba ya koya masa, ya dawo gida a kan kekensa. Baba ba ya sakar maka keke sai ka iya wannan ɗaurin, ko da za ka cika shagon da tsaki.

Da na tashi haɗa sabon keke, na ce giyar waya nake so. Abokai suka yi mini caa, wai ni da Baba sai gidan tarihi. Wallahi ban ga laifin batir ba. Ni dai na fi son abin da in ya lalace a hanya zan gan shi da idona.

Ranar da na kai kayan, na yi ta sallama bai waiwayo ba. 'Yarsa, da ta kawo masa abinci, ta ja ni gefe ta ce kunnen ne ya tafi, ƙarshen wata zai rufe shagon. 

Haka ya haɗa keken tsaf. Ya juya feda, ya karkata kai, ya daɗe. Can ya ce, "Ɗana, ara mini kunnenka. Tana magana?"

"Kaɗan, Baba."

Ya murɗa. "Yanzu fa?"

"Ta yi shiru."

Ya gyaɗa kai. "Ni yanzu dukkansu shiru suke yi mini."

Baba, kai ne ka riƙe mu muna 'yan koyo, muka watse muka bar ka kai kaɗai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku masu sana'a, ku koyar yadda ya koyar. Ku kuma masu keke, wata bai ƙare ba tukuna, hannunsa kuma bai manta komai ba. Wani ya je ya zauna kusa da shi, ya riƙa gaya masa abin da sarƙa ke cewa.